Kwana Tara da Zobe a Bakin Zanina

To 'yan uwa mata, ku gyara zama. Tun ranar da bakina ya suɓuce na ambaci abin sharar nan mai yawo da kansa kuka hana wayata sakat. Kaka yana da kyau? Kaka da gaske yana goge ƙasa? Kaka in saya ko in bari? Zan gaya muku tsakani da Allah. Sai dai ba yadda zan yi in ba ku labarinsa ban haɗa da abin kunyar da na tafka ba, don a ƙulle suke wuri guda. Ni ban yi boko ba, magana nake yi waya tana rubutawa. In kun ga kuskure, nata ne. In kun ji abin da ba daɗi, wannan nawa ne.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, mu biyu ne a ciki, ni da jikata. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake kiranta Takwara. Ubanta ya rasu tana shekara huɗu, uwar ta yi wani auren, ni na goya abata har ta zama mutum. Yanzu shekararta ashirin da shida, tana aiki a kantin magani. Bakwai da rabi ta fice da farar rigarta a ninke cikin jaka, sai bayan la'asar ta dawo tana ƙamshin asibiti.

Akwai kuma mai sonta. Mai Gyara muke ce masa. Shagonsa na bakin titi, ɗan mitsitsi, in ya miƙe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Waya, fanka, dutsen guga, duk abin da ya mutu a kai masa ya tashe shi. Dogo ne siriri, rigunan fitarsa biyu na sani, shuɗiya da ruwan toka, kullum a goge. Yaron ba shi da laifi. Yau na faɗa da bakina, ba shi da laifi. Abu ɗaya ya yi min: ya gan ni.

Ni mace ce da ba na kwana da alherin mutum a kaina. Kika aiko min kwano, ba ya komawa wayam. Kika zo duba ni sau ɗaya, zan je miki sau biyu. Shekara sha tara da rasuwar maigidana, har yau na san wadda ta zo ta'aziyya da ƙafarta, na san wadda ta turo 'yarta kawai. Haka Allah ya yi ni. Na fi so a ce ni na yi wa mutane, ba su suka yi min ba.

To wata safiya, Takwara ta tafi aiki, na durƙusa ina zura tsintsiya ƙarƙashin doguwar kujera, sai gwiwar dama ta ƙulle. Na yi in tashi, ina! Na kama kujera, ta zame. Ɗankwali ya faɗi gefe, furfura a waje, zani ya kwance, ga ni ina rarrafe kamar jaririya. A haka na ji sallama. Sau uku Mai Gyara yana yi, na ƙi amsawa. Ashe cajar Takwara ya gyara ya kawo, ƙofa kuma a buɗe. Da ya ji nishina sai ya shigo. Ya kau da kai, ya miƙo min ɗankwalin, ya tallafo ni ta hammata ya ɗora a kujera.

"Sannu Kaka."

"Wa ya ce ka shigo?"

"Ki yi haƙuri."

Ya ajiye caja ya fita. Na zauna jiran in ji maganar a bakin Takwara. Kwana ɗaya, biyu, mako. Shiru. Bai gaya wa kowa ba. Ku kuna ganin wannan abin a gode ne ko? Ni haushi ya ƙara min. Da ya faɗa, da na samu abin riƙe masa. Ya yi shiru, ya bar ni da kaya a ka, ban san da me zan sauke ba. Duk sanda ya zo gaishe ni, ba fuskarsa nake gani ba, kaina nake gani a ƙasa.

Bayan mako biyu ya shigo da kwali. Ranar babban ɗana yana nan, Babba, wanda shi ne uban Takwara a yanzu, da matarsa. Surukar tawa Rediyo nake ce mata a zuciya, don abin da ta ji da hantsi, kafin azahar ya zaga unguwa.

Ya buɗe kwali ya fito da wani baƙin abu zagayayye.

"Wannan kuma fa? Murfin tukunya?"

"Mai shara ne, Kaka. Da kansa yake yi. In an zuba masa ruwa har ƙasa yake gogewa."

"Na ce maka hannuna ya karye?"

"A'a. Ƙarami ne ma, mai sauƙin kuɗi, ba irin na manya ba."

Takwara ta harare ni. "Tsohuwa, ki ce an gode mana."

"In na gode ai na karɓa ke nan. Shekara sittin ina shara da hannuna, ba wanda ya taɓa shigowa gidana ya taka datti. Ku shaida, ko da ɗan yatsan ƙafa ba zan taɓa abin nan ba."

Babba ya yi dariya, Rediyo ta ce, "Su Inna manya." Shi kuwa yaron murmushi kawai ya yi. Ya durƙusa ya haɗa masa ɗan gidan cajinsa ƙarƙashin teburin talabijin, ya daddanna wayarsa, ya karɓi ta Takwara ita ma ya daddanna. Na ɗauka shirmen samari ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kwana huɗu ina wucewa ina harararsa. Ran na biyar gwangwanin sukari ya suɓuce min a tsakar falo. Na dubi sukari, na dubi tsintsiya, na dubi gwiwa. Na je na sa wa ƙofa sakata, na saki labule, na dawo na danna maɓallin bayansa da babban yatsan ƙafa. Wannan yatsan dai da na kafa shaidu a kansa.

Sai wata mata ta yi magana daga cikinsa, da yaren da ban sani ba. Na ce a'uzubillahi! Ni mai ciwon gwiwa sai ga ni a kan kujera, ban san sanda na hau ba. Na sauko na kashe shi. Na zauna na huta, na sake dannawa. Ya fito a hankali, 'yan gashin bakinsa biyu suna juyawa, ya bi ta kan sukarin, sai ga tayil fes.

Tun daga ranar na raɗa masa Kunkuru.

Yanzu ga amsarku, masu tambaya. Shara dai ya iya. Ƙura, yashi, gashin Takwara da ke bin gida, ɓurɓushin burodi, duk kwashewa yake. Abin da ya fi burge ni, yana shiga ƙarƙashin gado, inda rabon da tsintsiyata ta kai tun gwiwa na da lafiya. Ranar farko abin da ya fito da shi daga ƙarƙashin gadona, da maƙwabciya ce ta gani da na ƙaura. Ƙararsa ba ta kai ta injin markaɗe ba, kina iya jin rediyo yana aiki. Yakan yi awa ɗaya da wani abu, in ya gaji ya lallaɓa ya koma gidansa ya kwanta. Amma in an ɗauke wuta sai ya rasa hanya, ya yi ta kewaye kamar baƙo a kasuwa, har ya mutu a bayan ƙofa ki ɗauko shi a hannu.

Guga kuwa, kar a yaudare ku. Jiƙaƙƙen tsumma ne maƙale a gindinsa yake ja. Ƙura mai laushi da sawun ƙafa zai ɗauke, tayil ya yi sheƙi. Amma in mai ya zuba a kicin ya bushe, sai ya shafa shi ya wuce, irin aikin yarinyar da ke sauri ta tafi kallo. Ɗan tankin ruwansa bai kai kofi biyu ba. Kusurwa ba ya kaiwa, don shi ba shi da kusurwa. Dokin ƙofar banɗaki ya fi ƙarfinsa. In ya samu igiyar caja ko gezar darduma, ya dinga ci ke nan har ya shaƙe, matar nan ta cikinsa ta hau kiran agaji. In kin cire tsumman yana hawa kafet, in ba ki cire ba ya jiƙa miki shi. Cikinsa kuma ƙarami ne, bayan kwana biyu sai an zazzage. Da kaina na gano yadda ake buɗewa, ba wanda ya koya min.

Kuma duk abin da ya tarar a ƙasa, nasa ne. Ba ya tambaya.

Haka muka ƙulla, ni da Kunkuru. Takwara na fita, tara daidai, sakata, labule, yatsa. In ɗaga ƙafafu a kujera da kofin shayi ina ba shi umarni. "Can ka bari, malalaci. Koma." In ya gama in wanke tsummansa in shanya a tsakanin zannuwana, in goge sawun yatsana daga bayansa. Kai, har 'yar ƙura nake barbaɗa masa a ka don a ga kamar ba a taɓa shi. Tsohuwa da ni.

Takwara ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. "Kai, Kaka, gidan nan sai ƙyalli! Gwiwar ta warke ke nan?"

"Da can ma lafiyarta ƙalau."

Sai ta cije leɓe ta wuce ɗaki. Ban kawo komai a raina ba.

Ana haka aka sa ranar da manyan Mai Gyara za su zo wurin Babba neman aurenta, wata Asabar. Takwara ta kai ɗinki, leshi ruwan zuma. Kullum tana gaban madubi tana gwada ɗauri, waya na ƙyal-ƙyal, tana murmushi ita kaɗai.

Ran Litinin ɗin makon da yamma ya zo. Yatsuna sun kumbura ranar, sai na zare zobena na ajiye a hannun kujera. Siririn zoben zinare ne, shi kaɗai ya rage min daga hannun maigidana. Da na ji sallamarsa na amsa a daƙile, na tashi na shige ɗaki, na bar shi zaune a wannan kujerar shi kaɗai, Takwara na can tana shafa hoda. Zoben bai sake faɗo min a rai ba.

Talata da safe, tara daidai, na sallami Kunkuru. Ina kicin na ji ya yi wani ƙarar-ƙarar, ya yi tari, sannan ya ci gaba. Na ce ƙila tsakuwa ce. Sai da na zo alwalar azahar na ga yatsa wayam. Na duba kujera, na ɗaga matasai, na zazzage jaka. Babu. Ina cikin haka Babba da matarsa suka shigo, sun zo mu tsara zaman Asabar.

"Inna lafiya? Me ake nema?"

Da na ce zobe ne ya ɓata na yi shiru, da shi ke nan. Amma wannan haushin da na daɗe ina kiwo ya samu ƙofa.

"A nan na ajiye shi jiya. Ni dai ban ce kowa ya ɗauka ba. Amma mutum ɗaya ne ya zauna a kujerar nan."

Kun ji irin maganar ko? Ban ce ba, amma na ce. Na iya ta sosai.

Rediyo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mai shiru-shirun nan?"

Babba ya ɓata fuska, ya dubi ƙarƙashin tebur. "Inna, ko dai abin can ne ya haɗiye? An ce suna haɗiye ƙananan abubuwa."

Wallahi a take na tuna ƙarar-ƙarar ɗin safe. Allah ya kawo min ƙofar fita har gabana. Amma ga Rediyo ta zuba min ido, ita da na kafa shaida.

"Abin da tunda aka kawo shi ban taɓa kunnawa ba? Dubi ƙurar da ke kansa."

Ƙurar da na barbaɗa da hannuna.

Nan take Babba ya fita waje da waya. Ina jinsa yana cewa a dakata da zuwan Asabar, akwai abin da ya taso. Suna tafiya na sa sakata, na jawo Kunkuru, na buɗe cikinsa a kan tsohuwar jarida. Ga gashi, ga ƙura, ga zobena a tsakiya yana kallona.

Na daɗe zaune a ƙasa. Da na kira Babba a lokacin, ko kwanar titi bai sha ba. Na ɗauki wayar, na ajiye. In ce masa me? Uwarka ta yi ƙarya, ta kuma ɗora wa ɗan mutane sata? Na ce bari zuwa gobe. Na ƙulle zoben a bakin zanina, na wanke cikin Kunkuru tas na mayar.

Gobe ta zama jibi.

Takwara ba ta yi min rashin kunya ba, da ma ta yi. Ta ninke leshin ta sa a ƙasan akwati. Abinci sai ta tsakura ta rufe. Ta daina ce min tsohuwa, sai Kaka. Da asuba kafin ta fita ta ɗauki tsintsiya ta share gidan kaf, ba ta kallon inda Kunkuru yake. Ni ma ban ƙara taɓa shi ba. Zoben kuwa, abu kamar ƙwayar wake, amma in na tashi sai in ji kamar dutse na ɗaura a ƙugu. In na yi sujada yana taɓa min cinya.

Rubutun waya ban iya karantawa ba, amma kunnena ras. Wata yamma ina wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji ta kunna saƙon murya. Shi ne.

"Kar ki ce mata komai, don Allah. Ki bar ta. Kuma maganin gwiwarta na shafawa ya kusa ƙarewa, na ga kwalbar ranar, ki taho mata da wani."

Na koma ɗaki na zauna bakin gado. Ka zage ni mana, yaro! Ka ce tsohuwar banza! Ko sau ɗaya ka ba ni abin da zan riƙe.

Ran kwana na tara, Alhamis, maƙwabciyata ta leƙo aron turmi, take ce min, "Ashe Allah ne ya tsare ku? An ce yaron nan har wayoyin mutane yake canja wa kayan ciki. Ni ma na aika an karɓo min fankata." Maganar da na saki ƙarama ta yi 'ya'ya da jikoki. Mutumin da sana'arsa duk amana ce, a ba shi waya da hotunan iyali a ciki a tafi a bar masa, shi na liƙa wa wannan suna.

Tana fita na zura baƙin mayafina, na ɗauki sanda. Tafiyar da ba ta fi minti goma ba, na yi ta a rabin awa. Na tarar da wata mata a bakin shagon tana miƙa hannu.

"Ba ni abata haka nan, na fasa gyaran."

"Hajiya, saura in ɗaura murfi kawai."

"Na ce ka ba ni."

Ya juye mata 'yan ƙusoshin a leda, ya haɗa da wayar ya miƙa da hannu biyu. Kantocin da na san su cike da fankoki da rediyoyi, rabi babu komai. Ya rame, shuɗiyar rigar ta yi masa yawa. Da ya gan ni ya yi saurin jawo benci, ya goge da hannun rigarsa.

"Kaka, da kanki? Da gwiwar nan?"

Ban iya gaisuwa ba. Na kwance bakin zani, na ajiye zoben a kan teburinsa tsakanin su sukurdireba. Na jira ya zabura. Ko gezau.

"Talata, tara da minti arba'in," ya ce a hankali. "Ya aiko min cewa wani abu ya maƙale masa, sannan ya wuce."

"Wa ya aiko maka?"

"Shi mai sharar."

Ya juyo min da wayarsa. Jama'a, gidana ne a zane. Ga falo, ga kicin, ga ɗakina, har inda gadona yake. A ƙasa wasu layuka jere. Ya ce kowane layi shara ɗaya ce, da ranarta da lokacinta. Ashirin da uku.

"Na farkon ma minti ɗaya ya yi kika kashe shi."

"Matar ciki ce ta tsorata ni," na ce, ban san sanda ya fita ba.

Ya so ya yi dariya, ya danne. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Duk sakatar nan, duk labulen nan, duk ƙurar da nake barbaɗawa, ashe ɗan munafukin yana kai rahotona kullum.

"To me ya hana ka nuna wa Babba tun ranar?"

"Kin ce a gaban ɗanki da surukarki ba ki taɓa kunna shi ba. In na nuna, na wanke kaina, ke kuma na mayar da ke me? Ke kika raine ta. Da wane ido zan riƙa shigowa gaishe ki?" Ya juya wani ɗan ƙarfe a hannu. "Amma ba zan ɓoye miki ba, Kaka, na ji ciwo. Mahaifiyata a wurin tela ta ji maganar. Kwana biyu ba ta fita ba. Na ba kaina zuwa ƙarshen wata, in ba ki zo ba in tattara in bar unguwar."

Sannan ya tura min zoben gabana. "Ki koma ki ce yau kika tsince shi a ƙarƙashin kujera. Ba wanda zai ji daga bakina."

Kar in yi muku ƙarya, raina ya so. Ya so ƙwarai. Har na fara jera yadda zan faɗa. Sai na tsaya na lissafa.

"Ka ɗaga ni daga ƙasa, ɗaya. Ka kawo min Kunkuru, biyu."

"Kunkuru?"

"Kar ka katse ni. Ka yi shiru kwana tara ana cin namanka, uku. Ko ɗaya ban rama ba. Ba zan ɗauki na huɗu ba, wuyana ba zai iya ba."

Bayan la'asar na tara su a falo, Babba, matarsa, da Takwara ko farar rigarta ba ta ajiye ba. Ban yi dogon bayani ba. Na tashi na je gaban tebur, na danna Kunkuru da yatsan ƙafa a gabansu. Matar ciki ta gaishe su, ya fito. Na ajiye zoben a tebur.

"A cikinsa yake. Ni nake kunna shi kullum. Ƙarya na yi muku, yaron nan bai ɗauki komai ba."

Babba ya cire hula ya riƙe, ya kasa ɗago kai. Ɗan da na haifa yana jin kunyar kallona. Rediyo ta gyara zama. "Ai ni dama tun farko sai da na ce..."

"Ke, rufe min baki. Gobe duk gidan da kika kai maganar nan, ƙafata ƙafarki, za mu koma mu kwaso ta. Ni zan yi bayani, ke nuna ƙofa kawai."

Sai Takwara ta yi magana, murya can ƙasa. "Yaushe kika gan shi?"

Ga ƙofar tsira ta sake buɗe min. Kalma ɗaya ce, in ce yau.

"Tun ranar. Kwanansa tara a zanina."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba ba ta share ba. "Na san kina kunna shi tun ranar sukari. Wayata ma tana nunawa. Ina bayan kanta a wurin aiki in ga ya tashi, in yi ta dariya ni kaɗai, in ce tsohuwata ta samu hutu. Ranar da na dawo na ji abin da kika ce, kina sallah na buɗe cikinsa. Na tarar da shi a wanke, ko bushewa bai yi ba. Na ce a'a, Kakata ba za ta yi haka ba. Kwana biyu na yi ina zarginsa, Kaka. Shi. Don na kasa zarginki."

Ta shige ɗaki ta murɗa makulli.

Washegari ni da Rediyo mun zaga, gida bakwai. A kowanne na tsaya a tsakar gida na faɗa da bakina. Na takwas gidan mahaifiyar Mai Gyara ne. Ta shimfiɗa min darduma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Allah ya kyauta." Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma ban ga laifinta ba. Babba ya je wurin manyan Mai Gyara, sun ce a ba su lokaci su yi shawara. Leshin yana nan a ƙasan akwati.

Don haka mai son saye ta saya, in gidanta tayil ne kuma bayanta ko gwiwarta sun fara gardama. Ki kwashe igiyoyi da 'yan kunne daga ƙasa kafin ki sake shi, kar ki yar da tsintsiyarki saboda kusurwa, kuma kar ki sa ran zai kankare miki kicin. Ya fi kuɗinsa aiki. Sai dai ki sani ba ya rufa asiri.

Yau kwana huɗu Takwara na gaishe ni kamar maƙwabciya. Ina kwana, lafiya lau, sai na dawo. Kwalbar maganin gwiwa sabuwa na tarar a bakin gadona, amma ba ta ce ga shi ba. Kunkuru kuma tun ranar ban taɓa shi ba, ba ni da fuskar.

Ɗazu da safe bayan ta fita, ina zaune a doguwar kujerar nan, ba sakata, ba labule, shayi ya huce a hannuna. Agogon bango ya buga tara. Sai na ji matar nan ta yi magana. Ni ban tashi ba, ban danna komai ba. Ya fito daga ƙarƙashin tebur da kansa, ya ratso falo, ya zo ya dunguri ƙafata. Ya ja baya, ya sake dungura, irin yadda yake yi in yana so a ba shi hanya.

Na ɗaga masa ƙafafun.

Waya biyu ce kawai a duniya za ta iya tashinsa daga nesa. Ɗaya tana bayan kanta a kantin magani, ɗaya tana kan tebur a shagon bakin titi. Ya gama, ya koma gidansa, gida sai ƙyalli. Ni kuma ga ni nan da tawa wayar a cinya tun ɗazu, na rasa wanda zan fara kira a cikinsu in faɗa masa kalmar godiyar nan da na ƙi furtawa ranar da aka buɗe kwali.